Rhoda Mai Sauraron Fanka

Duk wanda ya taɓa kai wa Madam Rhoda kwamfuta gyara ya san abin da za ta fara yi. Ba za ta tambaye ka me ke damunta ba. Kunna ta za ta yi, ta ɗaga maka hannu alamar ka yi shiru, sannan ta kara kunnenta a gefen da iska ke fita, ta lumshe ido. Ranar da na fara ganin haka sai na ce a raina, to, Jamila, yau an turo ki wajen boka.

Shagon nata yana Barnawa, a nan Kaduna, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da abincin kaji. Ɗan ƙarami ne, mutum uku ba sa zama a ciki sai gwiwa ta taɓa gwiwa. Ita kanta gajeriya ce, ta haura hamsin, da tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi. Shekara ashirin ta yi tana buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati, tun zamanin keken rubutu. Da aka kawo kwamfutoci ofishin, manyan maza suka riƙa kewaye su kamar an ajiye maciji, ita kuwa ranar da ta farko ta lalace ta samo sukudireba ta buɗe cikinta don ta ga me ake ɓoyewa. Daga nan ne ta kama hanya, har ta ajiye aikin ta buɗe shago.

Abin da ya kai ni wurinta ba ƙarami ba ne a gidanmu. Mahaifina, Malam Zakariyya'u, mai zanen atamfa ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Shi ke zana furanni da ganyayen da ake bugawa a jikin turmi. Bayan an rufe masaƙar ya kwaso takardun zanensa ya kawo gida Makera, daga baya ya ari na'urar ɗaukar hoton takarda ya shigar da su cikin kwamfutarsa ta cinya, ɗaya bayan ɗaya, har sama da dubu uku. Takardun kuwa gara ta gama da su tun yana da rai. Da ya rasu, shekara biyu ke nan, abin da ya rage na aikin hannunsa a duniya yana cikin wannan tsohuwar kwamfutar.

A cikin dubu ukun akwai guda ɗaya da mahaifiyata, Hajiya Ladi, take nema. Ita ya zana wa shi. Lokacin suna ɗaki ɗaya a Kakuri ta shuka kuɓewa a bayan taga, tana ba ta ruwa safe da yamma, har yake tsokanarta wai ta fi son kuɓewar a kansa. Sai ya zana furen kuɓewa, aka buga shi a atamfa, ya kawo mata turmin farko. Ta ɗaura shi ranar sunana. Zanin ya salwanta a rikicin shekarar 2000, lokacin da muka fita da abin da ke jikinmu kawai. Ya sha ce mata ta zo ya nuna mata shi a kwamfuta, tana cewa akwai lokaci.

To, lokacin ne ya ƙure. Likita ya ce hawan jinin ido ya riga ya ci idonta na hagu, na dama ma saura kaɗan, magani sai dai ya rage masa gudu. Tana gani kamar mai leƙe ta kafar makulli, kuma da safe kawai, kafin idon ya gaji. Sai ta ce a kunna mata kwamfutar Malam, tana so ta ga furenta tun tana iyawa. Muna kunnawa, da an taɓa hoto ɗaya sai ta tsaya tana nazari, gindinta ya ɗauki zafi kamar dutsen guga, minti biyar ta mutu ɗif. Wayata ta ƙi buɗe irin hotunan. Kuma Baba, Allah ya jiƙansa, bai sa wa ko ɗaya suna ba, lambobi ne kawai, ba wanda zai gane wanda ake nema sai ita.

Masu gyara biyu na kai wa. Na farko ko buɗe ta bai yi ba ya ce in yar da ita in sayi sabuwa. Na biyu ya cusa mata wata ƙatuwar manhajar sata, ta ƙara mata nauyi, minti biyar ɗin ma ya koma uku. Vicky, wadda muke koyarwa makaranta ɗaya, ita ta ce in je Barnawa.

Madam Rhoda ta ɗago kunnenta daga jikin kwamfutar ta dube ni ta saman tabarau.

"Fankarta tana da rai," ta ce, "amma numfashi take yi kamar mai asma. Me ke ciki da kike riƙe ta kamar jaririya?"

Na gaya mata. Da na ambaci masaƙa sai ta ajiye sukudireba. Ashe mahaifinta, Baba Harrison, makaniken injuna ne a wata masaƙar da ke layi ɗaya da ta su Baba. Shi ya koya mata sauraron inji. Ta ce yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin saƙa, injuna ɗari suna ruri, ya nuna guda ɗaya ya ce wancan zai tsaya kafin a tashi, kuma ya tsaya.

Kafin ta kwance sukuru ko ɗaya sai da ta kwafe komai na cikin kwamfutar ta zuba a wani ma'aji daban, ta miƙo min. "Riƙe wannan tukuna. In hannuna ya yi kuskure, aikin babanki ba zai bi shi ba." Wannan kaɗai ya sa na ji kunyar kiranta boka da na yi. Sannan ta buɗe cikin. Ta zaro wani dunƙule daga bakin fankar da ɗan hantsaki, ta ɗaga shi ga haske. Na ɗauka ƙura ce, ta ce a'a, auduga ce. Ta juya shi, ta dube ni kamar za ta yi tambaya, sai kuma ta fasa.

Ta cire manhajar satar da aka cusa, tana tsaki. A madadinta ta sa wasu ƙanana guda biyu daga wani filashi da ke rataye tare da makullin shagonta. Ɗaya ta kallon hoto ce, ba ta da kwalliya ko kaɗan, amma hoton da ya gagari waccan ƙatuwar, ita kafin ka ƙifta ido ta buɗe shi. Ɗayar kuma ta fanka ce. Ta ce kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya saita fankar ta yi shiru sai zafi ya kai maƙura, don masu ofis mai sanyi ba sa son ƙara. A bazarar Kaduna kuwa, kafin fankar ta farga an riga an ƙone. Wannan manhajar ita ke ba mutum damar ce wa fanka ta tashi da wuri.

Na tambaye ta ko su ma na sata ne.

"God forbid," ta ce. "Kin san aikin gayya? To shi ne. Waɗanda suka rubuta su sun bar cikinsu a buɗe. Kowa na iya leƙawa ya ga yadda aka yi, ya ɗauka, ya gyara. In ka gyara sai ka mayar, na bayanka ya samu. Wani yana Indiya, wani yana Brazil, ban taɓa ganin fuskarsu ba, amma gonarmu ɗaya."

Sai dai manhajar fankar ba ta san irin kwamfutar Baba ba, don ta tsufa, ba wanda ya taɓa rubuta mata saiti. Madam Rhoda ta ce in ba ta kwana uku. Na leƙo a rana ta biyu na same ta da littafin ɗalibai, ta ja layuka, tana canza lamba ɗaya, ta kara kunne, ta rubuta, ta sake canza wata. Shafi huɗu ta cika. Tana yi tana rera waƙar coci a ƙasan maƙoshi, da fankar ta motsa sai waƙar ta tsaya. A rana ta uku ta kunna min hotuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ta ce tun safe suke tafiya, kwamfutar ko gezau.

Na kai ta gida Makera ina ji kamar na ci jarrabawa. Na miƙa wa Hajiya, na nuna mata inda za ta danna, na wuce makaranta washegari da sanyin zuciya. Da na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado, kwamfutar a rufe.

"Ta sake mutuwa," ta ce. "Hoto goma sha ɗaya na gani. Ki bar ta kawai, Jamila. Wataƙila ba rabona ba ne."

Ni mace ce mai saurin hawa, duk Makera an sani, kuma ba na alfahari da abin da na yi. Ko hijabi ban canza ba na tari keke mai ƙafa uku na nufi Barnawa. Na dire kwamfutar a teburinta, na ce mata an ce ta fi sauran, ashe duk tafiyarsu ɗaya, ita dai ta fi su iya wasan kwaikwayo da kunne. Na ce kwana uku ta cinye daga cikin kwanakin da suka rage wa idon uwata. Mai ɗinkin labule har ya leƙo.

Ta kunna kwamfutar, ta kara kunne, ta saki hotuna suna tafiya. Muka zauna muna kallon juna kusan minti arba'in, fankar tana hurawa lafiya lau, ni kuma fushina yana neman inda zai sauka ya rasa. Sannan ta ce, "A gidanku, ina take zama?"

"A ɗakin Hajiya mana."

"A kan me?"

Ban sani ba. Kullum ni miƙa mata nake yi in fita.

Ta tashi ta ɗauki jakarta, ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo, alhali wani mutum yana tsaye da firinta a hannu. Ta ce masa ya dawo gobe. "Mu je," ta ce min. "Ciwon ba a nan yake ba."

A keke muka shiga Kakuri, muka bi ta gefen dogayen katangun masaƙun da ciyawa ta cinye. Ta nuna wata ƙofa da haɓa ta ce nan take kawo wa babanta abincin rana tana yarinya. Ta ce rabonta da shiga cikin Makera ya fi shekara ashirin. Ban tambaye ta dalili ba, mu duka mun san rikicin nan ne ya raba unguwanni.

Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaida Hajiya da Hausar da ta fi tawa ladabi. Suka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da aiki da zafi. Sannan ta ce, "Mama, don Allah ki kunna ta yadda kika saba. Ki yi kamar ba na nan."

Hajiya ta jawo filon Baba, babban nan na auduga da ya yi shekaru yana kwana a kai. Ta shimfiɗa masa ɗan kyallen karan-miski, ta ɗora kwamfutar a tsakiya, ta danna ta ta zauna sosai har ta nutse. Ta jawo gefen kyallen ta lulluɓe mata ɓangarori, kamar yadda ake yi wa jariri. Sannan ta yi bisimilla ta kunna.

Na dafe kai. "Haba Hajiya! Ai ke kike shaƙe ta! Duk ƙofofin iskar kin toshe!"

"Ki rage murya," in ji Madam Rhoda, ba tare da ta dube ni ba. Ta matsa kusa da gadon. "Mama, me ya sa filo?"

Hajiya ta shafa gefen kwamfutar. Ta ce akwai karatun Alƙur'ani a ciki, Malam yakan saurara bayan asuba. Abin da ke ɗauke da Alƙur'ani ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora shi inda ake ɗora kwano. Kuma aikin hannun mijinta ne na shekara talatin. Ta ce shi ma da yana raye a cinyarsa yake ɗora ta, bisa babbar riga. "Yanzu ba cinyar, sai na ba ta filonsa."

Na ji kunya ta rufe ni, amma bakina bai daddara ba. Na ce to a samo bulo biyu a ɗora ta. Hajiya ta juyo da idonta mai gani ta dube ni, kallon da ya sa na koma 'yar shekara bakwai. Na ce to murfin tukunya. Ba wanda ya kula ni.

Abin da na fi girmama Madam Rhoda da shi ya faru ne a nan. Wani mai gyaran da dariya zai yi, ya ce tsofaffi da rigima, ya ba da umarni ya tafi, Hajiya kuma ta ce to, yana fita ta mayar da filonta. Ita kuwa ta zauna a kan tabarma tana bin ɗakin da kallo, a hankali, kamar yadda take sauraron inji. Idonta ya tsaya a saman kabad, kan katakon nan mai naɗewa da ake ɗora Alƙur'ani in za a yi karatu. Na Baba ne, babba, tun rasuwarsa ba a sauko da shi ba.

"Mama, ni ban san hukuncinku ba, ki gyara min in na yi kuskure," ta ce. "Tana bukatar wuri mai daraja, kuma tana bukatar iska ta ƙasa. Wancan katakon, ya halatta?"

Hajiya ta ɗaga kai wajen kabad ɗin. Sannan ta ce, "Ai abin da aka yi shi dominsa ke nan. Jamila, sauko da shi. Ki goge shi tukuna."

Aka buɗe katakon a kan gado, kwamfutar ta zauna a bakunansa biyu daram, ƙasanta fayau. Madam Rhoda ta kama hannun Hajiya ta kai shi gefen da iska ke fita. "Kin ji? Numfashinta ke nan. In kin ji shi, lafiya take. Kyallen kuma ki rufa mata in kin kashe, zai yi mata kyau."

Ba ta tsaya nan ba. Ta lura Hajiya na laluben madannai, sai ta roƙi maɓallan riga guda biyu. Ta manna ƙarami a madannin da ke kawo hoto na gaba, babba a wanda ke ƙara girman hoto. Ta shiga cikin manhajar kallon ta mayar da bangon baƙi ƙirin don kada haske ya gajiyar da ido, ta kawar da duk wani rubutu, ta saita ta yadda in an kashe aka kunna za ta ci gaba daga inda aka tsaya. Hajiya ta sa aka kawo mata kunun aya, ta sha kofi biyu, suka shiga hirar mutanen masaƙa, wane ya rasu, wane ya koma ƙauye. Ni dai ina rakuɓe a bakin ƙofa. Da na raka ta titi na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce ita ma tana da laifi, tun da ta ga audugar nan ya kamata ta yi tambaya, ta bari.

Daga ranar Hajiya ta kama aiki kamar ma'aikaciya. Da ta idar da lazimi, rana ta ɗan ɗaga, sai ta zauna gaban katakon, yatsa a kan ƙaramin maɓalli. Wata rana ta ga ɗari uku, wata rana ɗari ba ta cika ba idon ya fara ruwa. Nakan ji ta tana magana ita kaɗai, wannan na bikin wance ne, wannan an yi yayinsa shekarar da aka haifi wane. Ni kuwa kowace safiya da fargaba nake tashi, don na lura kullum sai ta ƙara matso da fuskarta kusa da gilashin.

A rana ta goma sha uku, wata Asabar, ina wanki a tsakar gida na ji shiru ya yi yawa. Na shiga da kumfa a hannu. Ashe ta same shi: zanen da ke gilashin shuɗi ne mai duhu, an watsa masa furanni ruwan ɗorawa mai haske, kowanne da jan ciki kamar an ɗiga masa zoɓo. Ta danna babban maɓalli har fure ɗaya ya cika gilashin, ana ganin sawun burushin Baba, har da inda hannunsa ya ɗan goce. Fankar ta ɗaga murya, don hoton ya fi sauran nauyi, amma kwamfutar ba ta mutu ba. Hajiya ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta dai ce, "Ka ga mutumin nan, ganyen ma sai da ya sa masa ramin tsutsa. Kuɓewata ba ta taɓa yin tsutsa ba." Ta zauna a gabansa har aka kira azahar.

Na je na gaya wa Madam Rhoda. Ta ce, "Thank God," ta ci gaba da kwance wata kwamfutar. Can kuma ta juyo da tata ta nuna min wani shafi cike da rubutun da ban gane ba. Ashe saitin nan da ta cika shafi huɗu tana nema ta aika wa masu manhajar, sun karɓa sun haɗa da nasu. Yanzu duk mai irin tsohuwar kwamfutar Baba, ko a ina yake, zai same shi a shirye. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya na gargaɗi, ta fassara min: kada a ɗora ta a kan filo.

Idon Hajiya ya rufe gaba ɗaya bayan wata biyar, cikin damina. Madam Rhoda ta zo dubiya da lemo a leda. Ta ce tunda zafi ya sauka, bari ta rage wa fankar ƙarfi don ƙarar ta daina damun Mama. Hajiya ta ce kada ta kuskura ta taɓa.

Har yau, da safe, takan lalubi katakon ta yaye kyallen, ta yi bisimilla ta kunna. Manhajar tana buɗewa a inda aka tsaya, kuma tun waccan Asabar ba a gusa daga wurin ba. Sai ta kai hannu gefen da iska ke fita, ta karkata kai tana jira. Da fankar ta ɗaga murya, iska mai ɗumi ta taɓa tafinta, sai ta gyara zama ta fuskanci gilashin.

"Ya buɗe," takan ce.